Matuƙin Ɗakin Baya

"Baiwar Allah, na gaya miki ba a shiga," in ji nas ɗin, ta tokare ƙofar da tiren magani. "Mutanen nan jiya-jiya aka dawo da su. Danginsu ma sai da izini."

"Ni ma dangi ce," in ji Auta.

"Dangin wa?"

Sai a lokacin Auta ta lura tef ɗin awo yana rataye a wuyanta, da shi ta fito daga shagon ɗinki, da shi ta shiga bas, da shi ta ratsa ƙofar asibitin sojoji. Ta cire shi ta dunƙule a hannu.

Da hantsi Bakanike ya kira ta. Tsohon abokin yayanta ne, shi ke duba masa injin jirgi a sansani, yanzu kuwa janareto yake gyarawa a bayan kasuwa. Ya ce cikin fursunonin yaƙin da aka yi musanyarsu akwai wani direban tankar ruwa da ke ta cigiyar dangin Kyaftin. Ya ce shi ƙafarsa ta kasa kai shi, ita ta je. Ya ce kar ta gaya wa Inna tukuna.

Yaya matuƙin jirgin yaƙi ne. Auta tana sakandare aka harbo jirginsa a bayan iyaka. Sojoji suka zo gida da hulunansu a hannu, suka ce nan take ya cika. Daga baya aka kawo akwati a rufe ruf, aka lulluɓe shi da tuta, aka binne a maƙabartar sojoji. Yanzu 'yar Auta ta fari ita ma ta kusa shiga sakandare.

"Wani ne ya ce ya san yayana," ta ce. "Kyaftin."

Fuskar nas ɗin ta sauya. "Na gadon ƙarshe. Tun jiya ya hana mu sakat da Kyaftin ɗin nan." Ta zaro takunkumi daga aljihu ta miƙa mata. "Rufe hancinki, tari gare shi. Kuma kar ki daɗe."

Ɗakin dogo ne, gadaje jere a kowane gefe, fanka tana juyawa a kasale. Mazan da ke kwance ba mai magana. Wani ya ɓoye burodi ƙarƙashin matashi, kunnen ledar ya leƙo. Na gadon ƙarshe yana zaune ya jingina da bango, rigar asibiti ta yi masa yawa kamar an rataye ta a ƙusa. Kansa fari fat.

"Sannu, Baba," in ji Auta.

Ya yi dariya, bakin ba haƙoran gaba, dariyar ta juye tari. "Baba? Yayanki ya girme ni, ƙanwata." Ya ƙare mata kallo. "Ke ce Tsinke?"

Ta zauna a bakin kujerar roba. Duk duniya mutum ɗaya ne ke kiran ta haka.

"Ya ce siririya ce, iska mai ƙarfi tana iya ɗauke ta."

"Da ke nan," ta ce.

"Na ga alama. Allah ya ƙara auki." Ya goge bakinsa da gefen zanen gado. "Ya ce ya yi ta koya miki keke, kullum sai kin shiga kwata. Kin iya yanzu?"

"Ban iya ba." Ta gyara takunkumin. "A ina ka san shi? Kafin ya faɗi?"

"Kafin ya faɗi ina ni ina matuƙin jirgi? Ni ruwa nake kai wa sojoji. A can na san shi."

"Can ina?"

"Gidan da aka tsare mu."

Ta dube shi ba ta gane ba, ko kuma ta gane ta ƙi yarda. Direban ya gyara zama, ya fara ba ta labarin a hankali, yana tsayawa yana neman numfashi.

Yaya bai mutu a jirgin ba. Ya yi tsalle da laima ya sauka a wata gona, ƙafarsa ta karye. Mutanen ƙauyen suka riga sojoji isa wurinsa, suka yi masa dukan da ya rasa ido ɗaya. Da ƙyar sojojin can suka ƙwace shi. Aka kai shi wani tsohon sito na siminti a gefen gari, inda ake tara fursunoni. Sauran ana zuba su a babban zaure, shi kuwa aka sa shi ɗakin baya, wani ɗan lungu mai taga ɗaya can sama kusa da rufi.

"Matuƙa daban ake ajiye su," in ji direban. "In 'yan agaji masu fararen motocin nan sun zo ƙirga fursunoni, sai a kulle ɗakin baya, a ja babbar mota a tare ƙofar. Shi ya sa ba wanda ya taɓa rubuta sunansa. Ni faɗa na yi da wani mai gadi, aka jefa ni can don horo. Da suka ga ina iya ɗaga shi in kai shi bayan gida, sai suka bar ni."

"Ya daɗe?"

"Can ba a ƙirga, ƙanwata. Damina dai ta yi ta zuwa tana wucewa. Da aka tsagaita wuta na farko yana nan. Shekarar babbar ambaliya ma yana nan, har ruwa ya shigo mana, na goya shi na tsaya a kan bokiti."

Auta ta matse tef ɗin da ke hannunta. Shekarar ambaliya aka yi bikinta. Kafin nan matar Yaya ta daɗe da gama takaba, ta yi wani aure, har ta haihu. A shekarar ce kuma Auta ta gaji da Inna, wadda ta ƙi yarda ɗanta ya mutu, kullum sai ta share ɗakinsa ta shanya kayansa. Auta ta ɗaga mata murya a gaban mutane, ta ce ta bar wahalar da su, ta kwashe kayan ta rabar. Inna ta yi kwanaki ba ta magana. Bayan nan ne ta ce a kai ta kabarin.

"Yaya suka riƙe shi?" ta tambaya.

Direban ya dubi fanka. "Kina son ji?"

"Ina so."

"Babban mai gadin wurin, bom ya faɗa unguwarsu tun farkon yaƙi. Matarsa da 'ya'yansa duk suna ciki. Ba wanda ya san ko yayanki ne ya jefa, shi kansa bai sani ba. Ya ce daga sama rufin gidaje duk iri ɗaya ne. To mutumin nan in abin ya motsa masa, sai ya sa a fito da Kyaftin tsakar gida, ya ce ya buɗe hannuwa ya zagaya yana kukan jirgi. Da ƙafar nan da ta ɗore a karkace. In ya faɗi su ce an harbo shi, su yi tafi."

Wani a gadon kusa ya juya ya ba su baya.

"Amma ba kullum ba," direban ya ce da sauri. "Akwai kwanaki masu dama-dama. Ta tagar nan yake duba gajimare ya gaya mana yaushe za a yi ruwa, bai cika kuskure ba. Har masu gadi kan leƙo su tambaye shi ko su shanya kaya. Ya koya min karatu da gawayi a jikin bango. Ni kuma na koya masa cin shinkafa mai tsakuwa ba tare da ya rasa haƙori ba." Ya nuna bakinsa. "Kin ga dai malamin."

Auta ta yi wani sauti, ita ma ba ta san ko dariya ba ce.

"Yaushe?" ta ce.

"Bara waccan, da sanyi. Tarin nan ne ya kama shi, ga ƙafar ta ruɓe. Mun roƙi magani har mun gaji. Da safe na kawo masa ruwa na tarar ya tafi. Ni da wasu mutum biyu muka yi masa wanka, muka yi masa salla, muka haƙa a bayan katanga. Ba a daɗe ba aka fara maganar musanya."

"Za ka gane wurin?"

"An zo da katafila an baje shi. Manyan motoci ke kwana a kai yanzu."

Can Auta ta ce, "Ya bar saƙo? Ga Inna, ko ga matarsa?"

Direban ya dubi idonta. "Tun a mota nake shirya miki magana mai daɗi. Na iya ta ma. Amma na ga idonki irin nasa ne, ba zan iya ba. Da farko kullum maganarku yake. Daga baya ya rage. A ƙarshe kansa ya juye, bai san sunan kowa ba, ni ma bai san ni ba. Sai ya tashi da kansa, ba wanda ya sa shi, ya buɗe hannuwa yana zagaya ɗakin. Abin da na ji na ƙarshe a bakinsa, ruwa ya roƙa."

Nas ta leƙo ta buga tiren da cokali. Auta ta miƙe. Ta ce, "Naka dangin sun zo?"

"An ce ana neman su. Ƙauyenmu ma an ce babu shi." Ya ɗaga kafaɗa. "Ki gaida Inna. Ki ce mai ɗaukar bokitin ɗanta yana gaishe ta."

A baranda ta ci karo da wani matashin hafsa mai kula da waɗanda aka dawo da su. Ya saurare ta da ladabi, hannayensa a baya, yana gyaɗa kai.

"Hajiya, ina taya ku baƙin ciki. Amma mu a wurinmu ranar da jirgin ya faɗi ya rasu. Mutanen nan sun sha wuya, wasu abin da suke faɗa..."

"Ya san sunan da yayana ke kira na."

Hafsan ya dubi takalminsa.

"A tambayi na can ɗin mana. A haƙa wurin."

"Su sun ce ba su taɓa riƙe matuƙi ko ɗaya ba. Yanzu aka samu zaman lafiya, ba wanda zai taɓo wannan maganar. Gaskiya nake gaya miki."

"To wa muka binne?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Lokacin ban shiga aiki ba. Amma na ji yadda aka riƙa yi. In ba a samu gawa ba, buhun yashi ake sawa, a ɗora hula da takalmi, don akwatin ya yi nauyi. Don Allah ba daga bakina kika ji ba."

A bas ta samu wuri kusa da taga. Kwandasta yana faɗa da wata mata a kan kwandon kaji, rediyo yana ta waƙar zaman lafiya, wani dattijo yana cewa yanzu kaya za su yi sauƙi tunda an buɗe iyaka. Auta ta riƙa kallon rufin gidaje suna wucewa. Wayarta ta yi ta ruri, Bakanike ne, ba ta ɗauka ba.

Ba ta yi niyyar sauka a kasuwa ba, ta dai tsinci kanta a layin masu kwanuka, gaban shagon Anti. Har yanzu haka take kiran matar Yaya. Anti tana zaune tana goge tukwane da tsumma, ƙaramar 'yarta tana aikin makaranta a kan kwali. Da ta ga Auta sai ta ajiye tsumman.

"Je ki wurin babanki ki ce ya saya miki lemo," ta ce wa yarinyar. Ta jira har ta ɓace cikin mutane. "Bakanike ya kira ni. Bakinsa ba ya riƙe magana, kin san shi."

"Anti..."

"Yana da rai?"

"A'a."

Anti ta rufe ido, ta sauke numfashi. Auta ta ga sauƙin da ya ratsa fuskarta, ta ga kuma kunyar da ta biyo baya nan take.

"Amma ba a jirgin ya mutu ba," in ji Anti. Ba tambaya ba ce.

"A'a. Ya kai har..."

"Kar ki gaya min yaushe." Ta ɗaga hannu. "Don girman Allah, Auta. Ina da miji, ina da yara. Da daddare gefen mutumin nan zan kwanta. In kika gaya min shekarar, zan zauna in yi ta lissafin inda nake a lokacin, da abin da nake yi, da rigar da na sa. Ba zan iya ba."

"To."

"Ni an ce min ya mutu. Na yi kuka, kina gani. Na yi takaba."

"Ba wanda ya ce kin yi laifi."

"Na sani." Ta ɗauki wata tukunya ta shiga goge inda ta riga ta goge. Wata mata ta tsaya tana taya faranti, Anti ta ce mata ba na sayarwa ba ne. Da matar ta wuce ta ce, "Za ki gaya wa Inna?"

"Ban sani ba."

"Ita kaɗai ce ta yi gaskiya, duk muka mai da ita mahaukaciya."

La'asar ta yi sanyi lokacin da Auta ta isa gida. Yara suna makarantar yamma, maigidan bai dawo ba. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, tana tsince wake a tire da yatsu, don idon ya daɗe da dushewa.

"Takunki ya yi nauyi," in ji Inna. "Kuma warin asibiti kike. Wa ba lafiya?"

Auta ta yi niyyar cewa wata abokiyar aiki ce ta haihu. Ta ma shirya sunan jaririn a hanya. Amma ta durƙusa a gefen tabarmar, ta janye tiren daga cinyar tsohuwar, ta riƙe hannayenta.

"Inna, na ga wani da ya zauna da Yaya."

Ta gaya mata laima da gona da sito da ɗakin baya. Ta gaya mata gajimare, da karatu da gawayi, da mutumin da ya goya shi ranar ambaliya. Ta gaya mata tari, da sanyin bara waccan, da manyan motocin da ke kwana a kansa. Tsakar gidan da tafin ne kawai ta tsallake.

Inna ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma ce ai na gaya muku ba, ko da yake Auta ta sunkuyar da kai tana jira. Ta dai yi ta murza yatsun Auta ɗaya bayan ɗaya kamar tana jan carbi.

"Ana ba shi abinci?"

"Ana ba shi."

"Da ya cika akwai mutum kusa?"

"Akwai. Shi ya yi masa wanka. Ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa." Maƙwabta suka kunna janareto, hayaƙin ya tsallako katanga. "Duk shekarun nan da na bar share ɗakin, yana can yana numfashi."

"Ni na hana ki, Inna."

"Da na share, da zai ji ne?" Ta saki hannun Auta, ta lalubo tiren ta mai da shi cinyarta. Yatsunta suka shiga waken amma ba su tsinci komai ba. "To wanda ke kwance a kabarin can fa, da nake zuwa ina yi wa surutu? Ɗan wa ne?"

Auta ta dubi fuskar uwarta, idanun farare suna kallon gefen kafaɗarta.

"Ba a sani ba," ta ce.

"Allah sarki. Ita ma tasa uwar tana can wani wuri ba ta san inda aka sa shi ba." Inna ta gyara ɗankwalinta. "Jibi ki nemo mana mota da wuri. Ciyawa ta fara cin gefen, na ji ta da ƙafata wancan zuwan. Ki taho da almakashinki babba."

"To, Inna," in ji Auta. Ta tashi ta shiga kicin ta ɗora ruwa.